Kafin Mu Ci Mai Jego Tara, Mu Je Mu Gan Ta

  Yau wani kuskure na kawo muku, wanda na yi da bakina a gaban mata 28. Ina so in faɗe shi don kada wata shugaba ta maimaita shi.

A ƙungiyarmu ranar Alhamis muke zubi, bayan la'asar. Dokar da muka kafa da kanmu ita ce, wadda ta ƙi zuwa babu uzuri za ta biya tarar dala ashirin. Mai jego ana ɗaga mata har ta yi arba'in, sai dai ta aiko da zubinta. Bara, bayan girbi, wata yarinya ƴar ƙungiyarmu ta haihu. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma sai da na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Shekarunta 19, haihuwarta ta biyu ke nan, na farin ya koma tun yana wata 7. Mijinta ya tafi bida Aljeriya tun cikin yana ƙarami. Akwai bashin asusu jikka 15 a kanta, wanda ta ɗauka don sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Arba'in ta wuce, Alhamis ta farko ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Ta uku babu ita, babu zubi, babu saƙo. Raina ya ɓaci, na ce wa magatakarda ta rubuta mata tara uku, na ƙara da cewa yaran yanzu sun iya karɓar bashi amma ba su iya biya ba. Sai wata tsohuwa cikin masu riƙe makulli ta ce: "Shugaba, tsaya. A cikinmu nan wa ya gan ta da idonsa tun ranar suna?" Muka yi tsit. Babu ko ɗaya.

Washegari da hantsi muka tafi mu biyu, ni da tsohuwar. Muka tarar da uwar mijinta tana surfe. Muka gaisa, ta ce: "Ku shiga, tana ɗaka. Ni dai na gaji. Lalaci ne kawai, mu da muka haifi goma ba mu kwanta haka ba." Da muka shiga, tana zaune bakin gado, ta zuba wa bango ido. Jaririyar na kuka a bayanta, ba ta waiga ba. Kitsonta tun na suna ne. Furar da aka kai mata da safe tana nan ba ta taɓa ba.

Tsohuwar ta ɗauki jaririyar ta fita da ita. Na zauna kusa da yarinyar na ce: "Ɗiyata, me ke damunki?" Ta ce babu komai. Na yi shiru, ita ma ta yi shiru. Can sai hawaye. Ta ce: "Inna, ba na barci ko da ta yi barci. Ina dubanta ba na jin komai a raina. Wace irin uwa ce ni? Wancan ma ni na kashe shi da sakaci. Da na mutu da kowa ya huta."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ga wadda na rubuta wa tara jiya.

Ciwo ne, kuma yana da suna

Bayan wannan na zauna da malamar awon ciki ta asibitin garinmu, na kuma koma ga abin da aka taɓa koya mana a wani horo na shugabannin mata, wanda a lokacin ban ba shi muhimmanci ba. Ga abin da na fahimta.

Kamar yadda ciki da haihuwa ke taɓa jini da ƙashi da ƙirji, haka suke taɓa tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa irin tamu, kusan mata 16 cikin 100 suna fama da ciwon damuwa ko makamancinsa lokacin da suke da ciki, bayan haihuwa kuma kusan 20 cikin 100. Wato cikin masu jego biyar, ɗaya. Ku ƙirga sunan da kuka je bana, sai ku yi lissafi da kanku. Abin kuma iri uku ne, ya kamata mu iya bambanta su.

Na farko shi ne kukan kwanakin farko. Kwana biyu ko uku da haihuwa mace ta riƙa kuka ba dalili, ranta na saurin ɓaci, tana jin tsoro. Wannan yana samun mata da yawa ƙwarai, saboda jiki na sauyawa bayan fitar mabiyiya, ga gajiya ga rashin barci. Da hutu da abinci da lallashi yake wucewa kafin sati biyu.

Na biyu shi ne ciwon damuwa, irin na ɗiyar tamu. Shi ba ya wucewa da kansa cikin sati biyu. Yana iya farawa tun da ciki, yana iya ɓullowa bayan wata ɗaya, ko uku, har cikin shekarar farko. Alamominsa su ne baƙin ciki kusan kullum, abin da take jin daɗinsa da yanzu ba ya yi mata daɗi, rashin barci ko da jariri ya yi barci, rashin cin abinci, kasala, mantuwa, guje wa mutane, ganin laifin kanta a komai, da tunanin mutuwa. Wata kuma fargaba ce ke cinta: gabanta na faɗuwa, tana tashi sau goma cikin dare ta duba ko yaron na numfashi. Mu nan ba kasafai mace ke cewa "ina baƙin ciki" ba. Sai dai ta ce kaina na zafi, jikina ya mutu, wani abu na yawo a jikina, ƙirjina ya yi nauyi. A saurari waɗannan kalmomi da kyau.

Na uku shi ne rikicewar hankali bayan haihuwa. Bai da yawa, mace 1 ko 2 cikin 1000, amma shi ne mai gaggawa. Yakan zo farat ɗaya, galibi cikin sati biyun farko. Mace ta kwana biyu ko uku ba ta runtsa ba, tana surutai, tana jin muryoyi ko ganin abin da ba kowa ke gani ba, ta ce an musanya mata jariri ko ana so a kashe ta. Wannan ranar ake kai ta asibiti, ba a jiran gobe. Malamar ta ja kunnena a kan abu guda: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko ƙwayar cuta da ta shiga mahaifa, ko hawan jini mai kawo jijjiga, duk suna iya sa mai jego ta rikice. Idan aka tsaya a gida, irin waɗannan suna kashewa cikin kwana kaɗan.

Me ke jawo shi?

Babu dalili guda, kuma yana iya kama matar mai kuɗi da mijinta ke ji da ita. Amma akwai abubuwan da ke buɗe masa ƙofa, kuma duk mun san su a gidajenmu: haihuwa da ƙuruciya, haihuwa a kai a kai ba hutu, doguwar naƙuda ko tiyata, ɓari ko haihuwar ɗa ba rai, mutuwar yaro a baya, duka da zagi daga miji, rikicin kishiya, gorin haihuwar mata zalla, ƙarancin jini, yunwar lokacin da rumbu ya ƙare, da bashi. Wadda ta taɓa yin ciwon a wata haihuwa tana iya sake yi. Wadda ta gamu da yoyon fitsari ta fi kowa shiga ƙunci saboda gudun da ake yi mata, alhali ana ɗinkinsa, har ma akwai asibitinsa a Danja kusa da Maradi.

Sai kuma tafiyar maza. Daga Urafan zuwa Korgom, daga Kanambakashe zuwa Gidan Amumun, da an kai hatsi rumbu samari sun kama hanyar Najeriya ko Agadas ko Libiya ko Aljeriya. Mace ta haihu, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga yara, wayar miji sai a yi wata ba ta shiga ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa sama da 7 a rayuwarta. A wancan lokaci, sau bakwai ke nan take bin wannan hanya.

Iyayenmu ba su bar mai jego haka nan ba. Goyon ciki a gidan iyaye, wankan jego, hutun kwana arba'in, tsohuwar da ke kwana a ɗakin, duk gata ne. Amma mun fi kula da jikinta: ta yi wanka? ta sha kunu? nono ya zo? Ba mu tambayar zuciyarta. Kuma ranar da arba'in ta cika kowa ya watse, daidai lokacin da ciwon damuwa ya fi nuna kansa.

Kunya da dauriya na ɓoye shi

Tun muna yara aka koya mana mace ba ta kuka a naƙuda, ba ta kai ƙarar gidan miji. An kuma koya mana kunyar ɗan fari: ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa gaban mutane. Ban ce a bar kunya ba. Amma mu lura, yarinyar da ke kawar da kai daga jaririnta gaban surukai, idan ta shiga ɗaka tana rungume shi, wannan kunya ce. Wadda ko su biyu ne a ɗaka ba ta dubansa, ba ta wanka, ba ta ci, wannan wani abu ne daban. Sau nawa muka yaba wa yarinya da kunya alhali ciwo ke cinta?

Ni kaina na bi ta nan. Haihuwata ta huɗu ɗan bai zo da rai ba. Aka ce in yi haƙuri, wani na tafe. Na yi wajen wata shida ina kuka a bayan rumbu inda ba mai ganina, ina dama fura hawaye na zuba. Ban san ciwo ba ne, na ɗauka ƙarancin imani ne, sai na ƙara jin kunyar faɗa. Shekara kusan 20 ke nan, sai bara na san sunan abin da ya same ni. Duk da haka ni ce na rubuta wa ɗiyar mutane tara.

Iska ce, ko sammu?

Wata shugabar ƙungiya daga wajen Mayahi ta ba ni labarin ƙanwarta. Kwana biyar da haihuwa ta daina barci, ta fara surutai, ta ƙi jaririn. Aka ce iska ce ta shige ta a wurin wanka. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, da ta fara fita da gudu aka ɗaure mata ƙafa. Kwana goma ana haka, har jaririn ya rame. Wani kawunsu ne ya matsa aka ɗauki mota. Aka ba ta magani, ta yi barci, cikin ƴan makonni hankalinta ya dawo. Yau tana sana'arta, tana goyon wani. Yayar ta ce mini abin da ke ci mata rai har yanzu shi ne tabon igiya a ƙafar ƙanwarta.

Ba na hana kowa addu'a, ni ma da ita na dogara. Malamanmu sun sha gaya mana neman magani ba ya karya tawakkali. A yi addu'a, a kuma kama hanyar asibiti a rana guda. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗaure, kada a doke, kada a turara hayaƙi a ɗakin da jariri yake. Kada kuma a saya mata ƙwayar barci ko ta ƙarfi wurin masu tallar magani a kasuwa. Akwai magungunan wannan ciwo da mai shayarwa ke iya sha, amma likita ne ke zaɓa, shi ke faɗin yadda za a sha da ranar da za a daina. Kada a yaye yaro don tsoro sai an tambaye shi.

Zama da sauraro ma magani ne

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasarmu, kuma a manyan birane suke. To sai mu naɗe hannu? A'a. A ƙasar Pakistan, a ƙauyukan da ke kusa da Rawalpindi, an koya wa matan da ke aikin lafiya gida gida yadda za su zauna da masu ciki da ke da ciwon damuwa, su saurare su, su taimaka musu su sauya tunanin da ke karya musu zuciya, su jawo dangi a jiki. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna bayan wata 6 da haihuwa, cikin matan da aka yi wa wannan ziyara 23 cikin 100 ne ciwon bai sake ba, a cikin sauran kuwa 53 cikin 100. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan hanya littafin koyarwa don sauran ƙasashe. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe kuma, kakanni mata aka horar, suna zama a kan benci a harabar asibiti, mai damuwa ta zo ta zauna ta faɗi abin da ke ranta.

Da na ji wannan sai na ce, ai mu muna da tabarmarmu. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ga shi ya bazu ƙasashe da yawa na duniya. Wace hukuma ce ke ganin mace 25 ko 30 kowane sati, ta san wadda ta rame, ta san wadda ta daina dariya? Mu ne. Littafin zubi ma yana magana: macen da ba ta taɓa fashi ba ta fara fashi bayan haihuwa, wannan alama ce.

Abin da muka yi, da dokokin da muka sauya

Ranar da muka je, na yi wa yarinyar tambayar da ta fi yi mini nauyi a baki: "Kin taɓa tunanin ki yi wa kanki wani abu?" Ta ce e, sau biyu, a hanyar rijiya. Daga baya malamar asibiti ta tabbatar mini tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sauƙi ma take kawo masa. Daga ranar ba a sake barinta ita kaɗai ba. Muka ce yara su riƙa ɗebo mata ruwa, muka sa aka fitar da maganin ƙwarin gona daga ɗakin aka kulle.

Uwar mijin ba mu yi mata faɗa ba. Tsohuwarmu ce ta zauna da ita ta ce: "Yaya, jikarki ce za ta rasa nono in uwar ta faɗi. Ki ba mu ita mu kai ta a duba jininta." Ta yarda. Muka ciri jikka 3 a kuɗin taimako, aka ɗauki kabu-kabu. Majo ya auna ta ya ce jininta ya yi ƙasa, ya ba ta maganin ƙarin jini, ya zauna ya saurare ta, ya rubuta mata takarda zuwa babban asibitin Tasawa, can aka ɗora ta a kan magani ana duba ta wata wata. Mijin ma an same shi a waya, na yi masa bayani da kaina, ya fara kiranta duk Juma'a.

A taron da ya biyo baya na tashi na nemi gafarar ƙungiya, aka goge tarar. Sannan muka amince da waɗannan:

1. Duk mai ciki ko mai goyon da bai kai shekara ba, in ta yi fashi sau biyu, mata biyu za su je gidanta kafin a yi maganar tara.

2. Kowace mai jego za a ba ta uwar ɗaki a cikin ƙungiya, wadda za ta leƙa ta sau ɗaya a sati har wata uku, ba ranar suna kaɗai ba. Za ta tambaye ta: Kina barci? Kina cin abinci? Me ke ranki? Wa ke taya ki aiki?

3. In alamun sun wuce sati biyu, a raka ta asibiti, a faɗa wa malamar awo ko majo abin da aka gani filla-filla. In akwai surutai, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ko maganar kashe kai ko cutar da jariri, a tafi a ranar, ko da dare ne, kuma kada a bar ta da jaririn su kaɗai.

4. Kuɗin taimako ba na mutuwa da gobara kaɗai ba ne. Kuɗin motar irin wannan mara lafiya na ciki.

5. Bashinta za a ɗaga mata, ba ƙari, har ta samu sauƙi.

6. Abin da aka ji a ɗakinta ya tsaya a ɗakinta. Wadda ta kai shi bakin rijiya ko wurin biki, ita ce za ta biya tara. Kuma mun hana kiran kowa mahaukaciya.

Wata ta ce a taron: "Shugaba, in muka yi ta ɗaga bashi, asusu ba zai karye ba?" Tambaya ce mai kyau. Muka yi lissafi: jikka 15 ne aka jinkirta wata huɗu, kowace mace abin da ya ragu a rabonta bai kai kuɗin sabulu ba. Da mun rasa ta fa, wa zai biya, kuma wa zai shayar da jaririyar?

Ban ce ta warke dare ɗaya ba. Akwai satin da ta koma kwanciya, akwai ranar da ta ce ta gaji da magani sai da aka lallashe ta. Wata huɗu aka yi kafin ta dawo kan tabarma. Ranar da ta zo, da goyonta da sabon kitso, ta ajiye zubinta ta zauna can baya. Da aka tashi ta matso ta ce mini a hankali: "Inna, jiya ta yi mini dariya, na ji daɗi har cikin raina." Ta biya bashinta kafin rabon asusu. Yanzu ita ce uwar ɗakin wata amarya mai cikin fari.

Ƴan uwa, Hausawa sun ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Ina roƙon wadda ta iya karatu ta karanta wannan a taronku na wannan sati, a bayyane, don waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba su ji. Bayan an gama, ku buɗe littafin zubi, ku duba sunan masu ciki da masu goyo, ku ga wace ce ba ta zo ba. Ku tura mata biyu tun kafin magariba.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu jego lafiyar jiki da kwanciyar rai, ya raya mana abin da muka haifa. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.